Gungumen Kakanmu

A shekarar da fari ya cinye shanu a daji, mu majema ba mu huta ba. Makiyaya suna yanka dabba kafin ta faɗi, fatu suna shigowa Damagaram a kan jakuna da kamyo, wato manyan motocin kaya, har wurin shanya ya gagara. Hatsi ya yi tsada, fata ta yi arha. Wanda bai kankare da yawa ba, ba a ɗora tukunya a gidansa.

Aikinmu a jere yake. A jiƙa fata a ruwan toka, a ɗora ta kan gungume a kankare gashi, a tsoma a bagaruwa, a shanya. Gungumen nan a ƙasa yake kwance tun zamanin kakanmu, mutum ya duƙa a kansa, ƙafafu a miƙe, wuni guda. A nan bayana ya kama. Ciwon ya fara daga ƙugu, ya sauka cinya, ya kai diddige, har na koma sallah a zaune.

Yayana, wanda ke riƙe da majemar, ya sa aka yi mini ƙaho. Bai yi ba. Ya ce saura lalas, a gasa ƙarfe a ɗora mini a baya. In na ƙi, zai ba wani wurina a gungume. Na ƙi. Na san bayan kawunmu, duk tabon wuta ne, kuma a tanƙware ya mutu.

Muna da maƙwabci a unguwarmu ta Zango, tsohon soja, wanda aka taɓa gyara wa baya a likitar sojoji, wato asibitinsu. Ya gan ni ina jan ƙafa, ya ce, "Kai ɗan nan, kaza ce kai da za a gasa? Shigo zaure."

Ya koya mini abin daki-daki. Da farko in kwanta rigingine a tabarma, in jawo gwiwa zuwa ƙirji, dama sannan hagu. Bayan nan in yi rarrafe, in ɗaga baya, in sauke a hankali. Sannan in jingina da bango, in zame kamar zan zauna, in tashi. Na ƙarshe shi ne babba: kada in ƙara ɗaukar kaya da ƙugu. In tsuguna, in rungume, in miƙe da cinyoyi.

Kullum bayan asuba nake yi a tsakar gida. Matata ta ce, "Malam, yara fa suna kallo."

Na ce, "Su kalla, su koya."

Labari ya kai majema, abokan aiki suka fara yi mini ba'a. "Ga mai rarrafe nan! An yaye ka kuwa?" Na ci gaba da abina. Ciwon ya bar diddige, ya koma cinya, ya tsaya a ƙugu, ya ƙi gaba. Na gane gungumen ke mayar da shi. Na tara duwatsu, na ɗora gungumen a kai, ya zo mini daidai cibiya.

Yaya ya iso da wanzami, ƙarfe na cikin garwashi. Ya ga gungumen, ya tsaya.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ne, Yaya."

"Inda kaka ya aje shi bai yi maka ba?"

"Kaka fata ya koya mana, bai ce mu gaji ciwonsa ba."

"To, ɗauko waccan mu gani," ya nuna fatar bijimi da ta kwana a ruwa. "In ka kasa, ka kwanta a yi maka, ko ka bar wurin."

Na tsuguna a gaban kowa. Aka yi dariya, wani ya ce kamar mai wankin kwano. Na rungume fatar, ruwan toka na bin rigata, na miƙe, na shimfiɗa ta a gungume, na ɗauki wuƙa. Ƙugu ya yi magana, amma bai hana ni ba.

Wanzami ya zare ƙarfensa ya tsoma a ruwa. Yaya ya sa aka kawo masa wani gungume, a ƙasa, ya duƙa a kansa har tsufa. Nawa bai sauka daga duwatsu ba, ni ma ban bar wurina ba.