Fuskar da Kaka Ta Hana Ni

Sana'ata zane ce. A Madawa nake zaune kusa da tasha, kuma duk wanda ya taɓa ratsa garin ya ga aikin hannuna ko bai sani ba: kawunan da ke allon masu aski, zakin da ke bayan motocin albasa, kaza da kifin da ke bangon masu abinci. In aka tambaye ni wa ya koya mini, nakan ambaci wani mai fenti da na zauna a hannunsa. Gaskiya ne, amma rabinta ce. Sauran rabin wata tsohuwa ce a Dewule wadda ba ta taɓa riƙe buroshi ba, wadda kuma har yau, tana cikin kabarinta, ba ta daina ba ni haushi ba. Kakata ke nan, Allah ya jiƙanta.

Bayan an gama girbi, da an ci tuwon dare, mukan taru a ƙofar ɗakinta, ni da yayata Hadiza da Illa ɗan baffana. Ta hura wutar kara, ta jawo toka gefe ta baje ta da tafin hannu, sannan ta ɗauki tsinke. "Ga ta nan ta gangaro daga dutsi," in ji ta. Mu ce, "Ta iso mu ji ta." Ita ba da baki kaɗai take tatsuniya ba. In ta ce rijiya, sai ga rijiya a toka. In ta ce rumbu, ga rumbu da hularsa. Ni ko labarin ba ya damuna kamar yadda tsinken nan yake damuna, idona na kansa har hayaƙi ya sa ni hawaye.

Akwai wadda muka fi roƙo, ta baƙon kori. Wai wani baƙo ne ya sauka a wani gari, bai sauka gidan kowa ba, kuma tun zuwansa hatsi ya fara raguwa a rumbuna. Matar da ta hange shi a bakin kori, wato busasshen rafi, tana tonon ruwa ta ce dogo ne har ya wuce gawo. Makiyayi ya ce ƙarya ne, bai fi turmi ba. Wani ya rantse ido ɗaya gare shi. Gari ya taru a gindin bishiya ana musu, safe da yamma, har surukai suka daina gaisawa, hatsi kuwa yana ta tafiya. Sai wata yarinya, Ladi, wadda kullum tulu ke kanta idonta na ƙasa, ta ga sawu a rairayi: ƙafa ɗaya ta mutum, ɗaya kofato, da ƙwayoyin gero a tsakani. Ta bi sawun har wani kogo a cikin duwatsu, ta dawo ta nuna wa mutanen gari. Aka kwaso hatsi, aka toshe kogon da duwatsu, gari ya huta.

In ta zo wajen sawun, Kaka takan dunƙule hannu ta danna gefensa a toka, ta ɗiga yatsu biyar a sama, sai ga ƙafar mutum ƙarama. Ta lanƙwasa yatsu biyu ta danna, ga kofato. Haka za ta jera su har bakin murhu. Amma baƙon kansa, ko layi ɗaya ba ta taɓa ja masa ba.

"Kaka, shi baƙon ga, mi yay yi kama da shi?"

"Kai mi kag gani, mijina?"

"Ban ga komi ba! Ke ad da tsinke, ki zana shi mana."

"Ji min miji, ko zane bai saya min ba, shina ba ni umurni. Tashi ka kwanta."

Sai ta shafe tokar da hannu ɗaya. Wallahi nakan tafi shimfiɗa ina huci. Na yi roƙo, na yi fushi, na yi mata tsintar kara na kai mata don ta sassauta, ta karɓi karan ta yi godiya, ta hana ni fuskar.

Shekaru suka wuce. Bara wata darakta mai makarantar ƙananan yara a Buza ta kira ni in zana mata doguwar katangar tsakar makarantar kafin a koma karatu. Ta ce in zaɓi tatsuniya. Ban yi dogon tunani ba. Kaka ba ta bar hoto ba, ɗakinta ma ya rushe, kuma 'ya'yanmu ba su san baƙon kori ba, waya suka sani. Na ce bari in kafa ta a bango inda hannu ba zai shafe ba.

Na zana kori, na zana jajayen duwatsunmu, rumbuna, masu musu a gindin bishiya, Ladi da tulunta. Aiki ya yi kyau, ba yabon kai ba. Saura baƙo. Madam ta ce, "Malam, ka yi muna dodo sosai, yara na son abin da za su nuna da hannu." Na yi shi yadda na riƙa ganinsa a kan tabarma ina yaro: dogon wuya, kunnuwan jaki, jajayen idanu.

Hadiza a Buza take aure. Ta kawo mini fura da rana, ta tsaya gaban katangar ta riƙe haɓa.

"Wanga kuma wane ne?"

"Baƙon kori mana, Yaya."

"Haba! Baƙon Kaka gajere ne, da gemu har ƙasa. Wanga ai raƙumi ne mai ciwon ido."

Na ji zafi, amma yaya ce, na shafe na yi gajere mai gemu. Na ɗauki hoto na aika wa Illa, yana can ci-rani a bakin teku. Kafin in wanke hannu ya turo murya yana dariya har da tari. Wai shi ya tuna sarai, baƙon ba shi da baki, ta hanci yake zuƙe gero, kuma wai Kaka da kanta ta faɗa. Hadiza ta karɓe wayar ta ce maƙaryaci ne tun yana yaro. Ni na ce su duka biyu barci suke yi lokacin, ni kaɗai ke kallon toka. Mu uku, masu furfura, muka yi kwanaki muna jifan juna da saƙo. Katanga ta yi kauri a wuri ɗaya don yawan shafe da sakewa, fenti yana ƙarewa, ranar komawa makaranta ta matso. Madam ta gaji. Ta ce in ban gama ba za ta sa a shafe katangar duka da farar ƙasa a rubuta haruffa, su dai ba a musu a kansu.

Na zauna a rairayin tsakar makarantar ina yi wa Kaka mita a zuci. Me zai rage ta da ta ja layi biyu? Don haushi na naushi ƙasa da gefen hannu. Da na ɗaga, sai ga dunduniya da tafin ƙafa, yatsu kaɗai suka rage. Na daɗe ina kallonsa. Tsohuwar nan ta mayar da mu mutanen gindin bishiya, kuma na tabbata tun a lokacin ta san haka za mu yi.

Na rufe mai gemun da duwatsu da baƙin bakin kogo. Na ajiye buroshi, na tsoma dunƙulen hannuna a fenti, na bi gindin katangar daidai tsayin yaro: ƙafa, kofato, ƙafa, kofato, da ɗigon gero, tun daga rumbu har kogo. Madam ta zo ta duba sama da ƙasa. "To ina dodon?" Na ce yana ciki. Ba ta ji daɗi ba, amma ba ta kira mai farar ƙasa ba.

Ranar da yara suka dawo na je kwashe gwangwanayena. Babu wanda ya tsaya kallon rumbunan da na ɓata kwanaki a kansu. Duk sun duƙa suna bin sawu, suna gwada hannuwansu a kai, a bakin kogo kuwa har an fara ture-ture, wannan na cewa ƙaho gare shi, wancan na cewa wutsiya.

Har yau ina ganin da ta zana mini shi sau ɗaya da na huta. Amma da ta yi, da na kwafe shi na wuce, da ban kwana ina ƙera fuskoki a cikin kaina ba har abin ya zame mini abinci. Ina cikin ɗaure kaya wata 'yar yarinya ta ja mini riga, fuska a murtuke.

"Baba mai fenti, kai ad da buroshi. Mi yay yi kama da shi?"

Na san wannan fushin, nawa ne. Na buɗe baki in ba ta dogon wuya da kunnuwan jaki, sai na ji abin da ya fito daban.

"Ke mi kig gani?"

Ta buga ƙafa a ƙasa ta tafi tana huci.