Dutsen Wasa Da Ya Fashe A Jega

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don ina tsoron in ƙara wa wani laifi ko in rage nawa.

Lokacin Turawa na mulki, wani attajiri a Jega ya sayo tsohon injin ba da wuta daga hannun masu aikin hanya. Ya kuma samo ƙaramin inji mai juya dutsen wasa, don maƙera su riƙa wasa galma da lauje. Wani bakanike mutumin Maiyama ya haɗa su. Ni aka ɗora wa kunnawa da kashewa, saboda na yi elementare, kuma duk rumfar maƙeran ni kaɗai ke karanta boko.

Kowane inji yana da ɗan allon ƙarfe a jikinsa. A na injin dutsen na ga an rubuta hamsin, a na wutar na ga sittin. Abin ya dame ni, na duba ya fi sau goma. Amma kawuna, babban maƙerin rumfar, ya saurari kukan dutsen ya ce, "Wanga shi na aiki! Mi kake leƙe, malamin boko? Ƙarfe da kunne aka jin shi." Aka yi dariya. Ɗa ba ya gyara wa maƙeri magana a gaban wutarsa, sai na yi shiru.

Ranar kasuwa manoman Jandutsi da Jiga Birni suka cika rumfar. Kawu ya danna galma a dutsen, sai dutsen ya fashe. Ɓari ɗaya ya huda kwanon rufi, ɗaya ya same shi a muƙamuƙi. Ya faɗi, jini na tsartuwa kan gawayi, ƙafafunsa na shure-shure. Kafin in kashe injin ya cika.

Maƙera suka yi kan bakaniken. "Kai ka kashe muna shi!" Suka kayar da shi, suka yi ta dukansa da ƙotar galma. Wani ya ɗora hannunsa na dama kan uwar maƙera ya sauke masa guduma. Na ji ƙarar ƙashin. Yana ihu yana cewa, "Malam, karanta musu allon! Gaya musu daidai na haɗa!" Ban ce komai ba. Aka ja shi aka jefar a hanyar Aliero.

Bayan shekaru wani ma'aikacin lantarki ya yi mini bayani: wutar babban injin tana bugawa sau sittin a daƙiƙa, ƙaramin kuwa don hamsin aka ƙera shi, sai ya riƙa gudu fiye da ƙima. Bakaniken bai iya karatu ba. Ni na gani.

Duk wanda ya san wani bakanike mai shanyayyen hannun dama a wajen Maiyama, ko 'ya'yansa, ko inda aka binne shi, don Allah ya sanar da ni. Ina da abin da zan faɗa musu.