Luguden Huseina

A ƙauyensu da ke kusa da Kunci, babu macen da ta kai Huseina iya lugude. In ita da maƙwabtanta biyu suka kewaye turmi, sai ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe, bugun bai saɓa ba. Mijinta Malam Badaru kuwa kullum cewa yake hayaniya ce kawai.

"Malam, hayaniya ita ce kowa ya buga nasa," in ji ta. "Kiɗa kuwa sai ka saurari ɗan'uwanka, ka bar masa wuri."

Shekarar da fari ya ƙone gero, turame suka yi shiru gida-gida. Wata rana Huseina ta samo dawa tiya guda, wadda ita kaɗai ma ta isa ta daka. Amma ta kira maƙwabtan nan, don ta san kwana biyu ba su ɗora tukunya ba. Suka yi lugude, ta raba garin uku.

Malam Badaru yana zaure yana ji. Da taɓaren suka tsaya, sai ya leƙo ya ce, "Har kun gama?"