Cokalin Baba Tangaraho

Mahaifina bai taɓa tuƙa jirgin ƙasa ba, amma a zamaninsa babu jirgin da ya isa ya motsa daga tasharsu sai yatsansa ya yarda. Mai buga tangaraho ne. Ga waɗanda ba su riski abin ba, wani ɗan ƙarfe ne a kan tebur, ana danna shi, ƙarar ta bi waya ta fita a tasha ta gaba. Gajeren dannawa ɗigo ne, dogon dannawa layi, kowane harafi da nasa haɗin. A kan wannan tebur ya ƙarar da ƙuruciyarsa, har sunansa na gaskiya ya ɓace, yaro da babba sai Baba Tangaraho.

Ni ce autarsa, ɗinki nake yi, kuma ni na yi jinyarsa. Saboda haka in ana maganarsa a bar ni in faɗa, don na gaji da jin waɗanda ba su ko shiga ɗakin ba suna ƙara wa labarin gishiri.

Layin dogon nasu guda ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk shi suke bi. Don haka kafin a saki jirgi, mai bugun tashar baya zai bugo wa na tashar gaba: hanya a buɗe take? Sai na gaba ya amsa: a buɗe take, turo. Jirgi na ɗagawa na baya ya buga: ya tashi. Daga nan kuma ya zauna ke nan, ba shayi ba zagayawa, sai an bugo masa cewa ya iso. Ko lokacin tashinka ya yi, ba ka barin kujerar sai mai karɓarka ya zauna a kai. Ba a barin tebur babu mutum, in ji Baba.

Da an bar wannan doka a tasha da mun huta, amma har gida ya kawo mana ita. Ko gidan Gwaggo za ka, sai an fara aika wani ya ji ko tana nan. Da wayar hannu ta zo kuwa, sai abin ya samu gindin zama. Yayana direban babbar mota ne, ga gemu ga 'ya'ya, amma duk garin da ya sauka sai ya kira ya ce ya iso, in ba haka ba tsohon nan ba zai sa komai a bakinsa ba. Ni kam tsaki nake yi, in ce Baba mu fa mutane ne, ba taragon gawayi ba. Sai ya yi murmushi ya ce, "To Auta, in kin isa ki faɗa."

A duk gidan Inna, mahaifiyarmu, ce kaɗai ta koyi bugun. Tana kicin da ludayi a bakin tukunya, shi yana falo da cokali a jikin kofi. Ƙwanƙwasawa ɗigo, jan cokali a kan ƙarfe layi. A gaban baƙo za su yi gulmarsa tas, yana zaune yana yaba zaman lafiyar gidan. Baba yakan ce kowane mai bugu da hannunsa, kamar yadda kowa da muryarsa, ko ba ka ga mutum ba ka san wa ke magana. Na Inna gaggawa ne da shi, kuma in ta gama magana sai ta ƙara bugu biyu, ƙwas-ƙwas, irin na kakkaɓe ludayi. Ya yi faɗan har ya gaji, wai babu wannan a ƙa'ida. Ita kuma ta ce kicin ɗinta ne, ba tashar kowa ba.

Inna ta riga shi tafiya. Bayan 'yan shekaru ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Hannun dama ne kawai ya rage masa. Na kwaso keken ɗinkina na kafa shi a ɗakinsa, kusa da taga, ina aiki ina kallonsa. Ɗakin ba wani abu a ciki: gadon ƙarfe, kujerar katako guda, kwandon magunguna, sai bututun ruwa da ya fito daga kicin ya bi gindin bango ya wuce banɗaki.

In na ba shi abinci sai ya ƙi sakin cokalin, ya yi ta buga shi a ƙarfen gado. Yaya ya ce rawar hannu ce, ta ciwon. Ni ma haka na ɗauka, har wata rana ina tsakiyar kafa hannun riga na ji ya buga, ya ja, ya buga, sannan ya tsaya yana kallona kamar wanda ya yi tambaya. Na saki hannun rigar. Ashe duk kwanakin nan mutumin nan magana yake yi, mu kuma muna shafa masa man zafi a wuyan hannu.

Na ɗauki wayata na bincika, na samu wani shafi a intanet mai akwati biyu. Ka zuba ɗigo da layi a na sama, ya fito maka da kalmomi a na ƙasa. Ka rubuta kalmomi, ya mayar maka da su ɗigo da layi. Na ce, "Baba, a hankali, ɗaliba ce sabuwa." Ya buga, ina dannawa, ina kuskure yana harara ta da ido ɗaya. Cikakkiyar maganar da ta fara fitowa a akwatin ƙasa ita ce: gishiri ya yi yawa. Na yi dariya har da hawaye, na ce lallai Baba ka warke.

Mun ji daɗin wannan lokacin, ba zan ɓoye ba. Yana tambayar jikoki, yana cewa a juya shi, yana kushe ɗinkina. Ban taɓa hira da mahaifina irin wadda muka yi bayan bakinsa ya mutu ba.

Sai wata safiya ya juya fuskarsa bango. Ya buga wani abu, ya tsaya, ya karkata kunne. Ya sake bugawa, ya sake tsayawa. Na zuba a shafin, ya ba ni: hanya a buɗe take? Na ce, "Baba, me kake so? Ruwa?" Ko kallona bai yi ba. Ba da ni yake ba.

Ni 'yar gidan ce, na san abin da ake nufi da wannan tambaya, na kuma san babu wani jirgi a ɗakin sai shi. Ya daina cin abinci. Daga safe har rana ta faɗi tambayar ke nan, fentin ƙarfen gadon ya kankare, yatsansa ya kumbura ya fashe. In na ƙwace cokalin sai ya ci gaba da farce.

Da Yaya ya dawo daga tafiya ya gan shi, ya fita tsakar gida ya share ido, ya dawo ya ce, "Auta, wahalar nan ta isa. Amsa yake jira, mu ba shi."

Na ce, "Ka san abin da kake faɗa kuwa?"

Ya ce, "Na sani."

Shafin yana da wani maɓalli da ke karanta saƙo da ƙara. Yaya ya rubuta a buɗe take, ya kai wayar kusa da kunnen Baba, ya danna. Ƙarar ta fito tsaf-tsaf, kowane ɗigo daidai da ɗan'uwansa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya taɓe ɓarin bakin da ke motsi, ya ɗauki cokali. Na fassara: wannan ba hannun mutum ba ne. Ya ɗan huta, ya ƙara: na baya ba ya ba da hanya.

Muka kalli juna. Mu da muka tashi a cikin dokar nan, mu ne muka manta cewa izini daga gaba yake zuwa. Ni dai a raina daɗi na ji. Na ce in dai daga can ake jiran amsa, to Baba yana nan tare da mu, don ban taɓa jin an ja waya zuwa can ba.

Ranar da abin ya faru rana tsaka ce, tun safe kuma an ɗauke ruwa. Yaya ya tafi sayo magani, daga ni sai Baba a gidan. Na tsayar da keke ina sa zare a allura. Baba ya buga tambayarsa, ya karkata kunne yadda ya saba. Sai bututun ruwan nan ya amsa.

Na san kukan bututu in iska ta shige shi, gurnani yake yi. Wannan ba shi ba ne. Ƙwanƙwasawa ce da ja, a jere, da sauri-sauri, daga ɓangaren kicin. Bakina yana cewa iska ce, yatsana kuma yana dannawa a waya. Akwatin ƙasa ya nuna: a buɗe take, turo. A ƙarshe akwai wani harafi guda da ya tsaya shi kaɗai ba ma'ana. Na goge shi, na ce kuskurena ne.

Na tafi kicin. Babu kowa. Tukwane a kife, ludayi a rataye, na murɗa famfo ko ɗigo babu. Ba na cewa ga abin da ya buga, Allah ne masani. Abin da kunnena ya ji nake faɗa.

Da na dawo, fuskar Baba ta saki, rabon da in gan ta haka tun Inna na da rai. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran abin da nake tsoro. Amma bai tafi ba. Ya ɗago hannu, ya miƙo mini cokalin, ya nuna kujerar katakon da ido.

Na yi kamar ban gane ba, na ɗebo abinci da shi na kai bakinsa. Ya kau da kai, ya karɓe cokalin ya buga, na duba waya: ba a barin tebur babu mutum, zauna.

A nan raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, ni tela ce. Ban nemi aikin jirgi ba, ba kuma zan karɓa ba. Ka riƙe abinka." Na koma kan keke na yi ta taka shi da ƙarfi ba tare da ƙyalle a ƙarƙashin allurar ba, don kada in ji komai. Na gane sarai, muddin ban karɓi cokalin ba, ba zai bar aiki ba. Mutumin da bai taɓa barin kujera babu mai karɓa ba, ba a kan gadon nan zai fara ba.

Haka muka yi kwanaki. Numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto, leɓensa ya bushe, hannun kuma yana miƙe da cokali har ya gaji ya faɗi, ya huta ya sake ɗagowa. Kullum in rana ta take, sai bututun ya buga kalma ɗaya. Na daina dubawa a waya, don na riga na haddace ta: turo.

Yaya bai taɓa jin bugun ba, ko yana ɗakin. Amma ya ga hannun. Ya dafa keken ya tsayar da shi, ya ce a hankali, "Auta, an ba shi hanya. Ke kika riƙe shi."

Na so in zage shi, amma na san gaskiya ya faɗa. Ina son mahaifina, shi ke nan laifina, kuma son nan ne yake ba shi wuya. Da hantsi na jawo kujerar katakon kusa da gado na zauna. Na buɗe hannu. Ya ɗora mini cokalin, da ɗumin tafinsa a jiki, ya matse yatsuna a kai. Ya ɗaga manuniyarsa sama, leɓensa na motsi, Yaya yana faɗa masa kalmar shahada a kunne. Ba a daɗe ba hannun ya sauka.

Yaya ya rufe masa ido ya fita kiran mutane. Ni kuwa na rubuta ya tashi a shafin, ya mayar mini da shi ɗigo da layi. Ina kallon waya ina bugawa a ƙarfen gado, inda fenti ya kankare. Na ɓata, na sake daga farko. Da yana ji da na sha harara.

Gida ya cika. Aka shirya shi, aka fita da shi, ina kan kujera. Mata suka yi ta ja na, wata ta ce in zo in sha ruwa, wata ta ce a ƙyale ta, firgita ce. Gwaggo ta ce, "Ke wace irin yarinya ce, ki fito ki karɓi gaisuwa mana." Na ce ina zuwa. Ta yaya zan gaya mata aiki aka bar mini?

Sai da rana ta yi sanyi, maza suka dawo, ɗakin ya zama daga ni sai gado babu kowa a kai. Har na fara cewa a raina, Auta, kin haukace, kina gadin bututu. Sai ya buga.

Gajere ne, da sauri-sauri. Na zuba shi a akwatin sama, na ƙasa ya ce: ya iso. Kafin in sauke numfashi aka ƙara bugu biyu, ƙwas-ƙwas, sai ga harafin nan marar ma'ana ya sake tsayawa a ƙarshe.

Wannan karon ban goge shi ba. Na ce, "Sannu da aiki, Inna." Sannan na sa cokalin a aljihu, na tashi na fita karɓar gaisuwa.