Muryar da Ta Dawo da Baba Gida

In dai hankalina na jikina, akwai wani yini da ba zai taɓa gogewa daga zuciyata ba. Shekaru sun ɗan ja yanzu, amma duk sanda na tuna shi sai tsigar jikina ta tashi, daga baya kuma na tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai. Shi ne yinin da mahaifina ya ɓata.

Ni malamar firamare ce, ina aure a cikin garin Gaya, iyayena kuma suna Balan inda aka haife ni. Bayan koyarwa, abin da aka fi sanina da shi shi ne wani shafi da na buɗe a dandalin sada zumunta tun ina ɗaliba, na labaran yankinmu. Wanda bai ga lokacin da shafin nan yake tashe ba, da wuya ya yarda in na ba shi labari. Ɗaurin aure, suna, rasuwa, kwalbatin da ruwa ya cinye, duk a nan ake fara ji. In na shiga gidan biki sai mata su ce, "Ga Malama mai shafi nan, kowa ta gyara ɗaurin ɗankwalinta." Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin sunan.

A hankali abin ya fara sanyi. Yawan mabiyan da ke rubuce a saman shafin bai ragu ba, masu magana ne suka ragu. Sai na sa labari ya yini babu wanda ya tanka. Ƙanena, wanda yake acaba tsakanin Gaya da ƙauyuka, ya ce shi ya goge abin daga wayarsa gaba ɗaya, cin data da caji kawai yake masa. Abokan aikina malamai suka ce sun gaji da zage-zagen siyasa da tallan magani. Matasa kuwa sun koma kallon gajerun bidiyo, yatsa yana ta shafa waya sama, ba sa tsayawa karanta ko layi ɗaya. Ni dai na ɗauka yayi ne, zai wuce, mutanena za su dawo.

Baba manomi ne tun tasowarsa. Da tsufa ya zo masa sai ya zo da mantuwa. Yakan idar da sallah ya tambaya ko an kira, wani lokaci ya dube ni ya kira ni da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Amma jikinsa da ƙwari, in ya miƙa hanya saurayi ma sai ya yi da gaske zai kamo shi. Ga kuma hawan jini da yake shan magani kullum.

Wata Asabar ce a ƙarshen damina, da hantsi, ina wanki sai ga kiran Inna, mahaifiyata. Ko sallama ba ta yi ba.

"'Yar nan, Babanku yana wajenki?"

"Wajena kuma, Inna? Me zai kawo shi Gaya?"

"Tun da ya sha koko ya fita. An duba masallaci, an duba gona, an duba gidan kowa. Ko maganinsa bai sha ba."

Ban san yadda na sa hijabi ba. Maigidana ya ɗauke ni a mashin muka nufi Balan, a hanya ina kallon gonaki. Dawa ta yi tsawon da in mutum ya shiga ba a hango ko hularsa, kududdufai kuma duk sun cika sun batse. Muna isa na tarar maza sun bazu cikin gonaki suna ƙwala masa kira.

Ni kuwa na ce a raina, ai yau ne ranar shafina. Na zauna a ɗakin Inna na nemo hoton Baba na Sallar da ta wuce, na rubuta bayani tsaf, na sa lambata, na saki. Sannan na zuba wa wayar ido.

Shiru. Can wani da yake Legas ya danna alamar so. Wata kuma ta tallata atamfa a ƙarƙashin hoton. Ina cikin wannan takaici sai wani, wanda ya ga hoton tsoho da farar riga bai tsaya karanta rubutun ba, ya rubuta, "Allah ya jiƙan Baba." Shi ke nan kamar jira ake. Wannan ya ce Allah ya sa ya huta, wancan ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Na rubuta cewa ɓata ya yi, ba rasuwa ba, na sake rubutawa, babu wanda ya kula. Ba a jima ba wayar Inna ta yi ƙara, wata 'yar'uwarmu ce daga Kano tana kuka tana yi mata gaisuwa. Ina kallo Inna ta saki wayar, ta sulale jikin bango tana salati.

"An gan shi ke nan? A ruwa aka gan shi? Ku faɗa mini gaskiya!"

Na rungume ta ina rantsuwa cewa babu wanda ya ga komai. Nan take na goge hoton daga shafin. Tun da na buɗe shi ban taɓa jin na tsane shi ba sai ranar.

Zuwa azahar ɗakin ya cika da matan maƙwabta masu jaje. Na yi tagumi a gefe, sai na lura da wani abu: wayoyinsu ba su daina ƙara ba. Wata maƙwabciyarmu, sa'ar Inna, ta kara tata a kunne tana sauraron saƙon murya. Na tambaye ta daga ina.

"Zaurenmu ne na waya, na matan islamiyya," ta ce. "Ai mu yanzu a nan muke jin komai. Kowa ka san ta, ka san mijinta, babu mai yi maka ƙarya."

Wata ta ce su ma suna da na danginsu. Matar wana ta ce tana cikin na masu sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, har da matan Ajingi a ciki. Na leƙa waje na kira ƙanena, ya ce su 'yan acaba suna da nasu, ko tayar wani ta yi faci a daji a nan yake faɗa. Maigidana ma yana cikin na ma'aikatan ƙaramar hukuma. A take na gane inda mutanena suka tafi. Ashe ba barin waya suka yi ba. Babban fili suka bari, suka shige ƙananan zaurukan da ba ka shiga sai an san ka, kuma da baki suke magana a ciki, ba da rubutu ba.

Na koma bayan ɗaki na danna wajen ɗaukar murya. Na farko na yi shi kamar mai karanta labarai a rediyo, da na saurara sai na goge. Na sake dannawa, na yi magana kamar yadda 'ya take magana in mahaifinta ya ɓata. Har yau ina iya tuna abin da na ce.

"Salamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ni ce Malama ta Balan. Babana ne ya fita tun safe, yana da mantuwa. Da ransa, don Allah kada a yi mana gaisuwa. Dogo ne, da farin gemu, da shuɗiyar riga, da silifa. In kun gan shi kada ku daka masa tsawa, zai tsorata. Ku gaishe shi, ku yi masa zancen noma, zai tsaya."

Muryata ta karye a ƙarshe, na bar ta haka. Na tura wa duk wanda yake gidan. Abin da ya ba ni mamaki, babu wadda ta tura shi haka kawai. Kowacce sai ta ɗora nata a kai: "Wannan maƙwabcinmu ne, na san shi, ku taimaka." Ƙanena ya ce wa abokan sana'arsa, "Babana ne, duk wanda yake kan hanya ya buɗe ido." A kan shafina saƙon hoto ne na wani tsoho da ba a sani ba. A nan kuwa ya zama Baban wance, maƙwabcin wane.

Ba a daɗe ba amsa ta fara zuwa. Wani ɗan acaba ya yi magana a zaurensu, ƙanena ya shigo da gudu ya kunna mana. Ya ce da safe ya ɗauki wani dattijo mai shuɗiyar riga a bakin titi, ya sauke shi ta wajen Ajingi, kuma bai ga alamar komai a tare da shi ba, don hira suka yi ta yi kan damina. Daga nan wata mata a Toranke ta ce wani dattijo ya roƙi ruwa a ƙofar gidansu kafin azahar, ya yi godiya ya wuce. Muka dubi juna. Me Baba zai je yi ƙasar Ajingi? Aka janye masu nema daga gonakin Balan, mashina suka juya can.

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Inna ta dubi sama, ta ci gaba da jan carbi. A daidai lokacin wata lamba da ban sani ba ta kira ni. Muryar mace ce, ga iska, ga hayaniyar mata a bayanta.

"Ke ce Malama ta Balan? Daga Gafasa nake kira, nan ƙasar Ajingi. Muna gona muna tsinkar gyaɗa, yanzu aka kunna mana muryarki a wayar ɗayarmu. Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki. Ga Babanki nan a gindin bishiya tare da mu. Mun ɗauka ɗan'uwan mai gonar ne. Ya ci ɗanwake, ya yi sallah, yanzu haka faɗa yake mana wai ba mu iya karkaɗe ƙasa daga jikin gyaɗa ba."

Na yi wani ihu da ban san ina da shi ba. Inna ta faɗi ta yi sujada a tsakar ɗaki, mata suka ɗauki guɗa. Sai da ta ɗago tana share hawaye ta ce, "Gafasa! Ai can ne garin mahaifiyarsa. Wajen kawunsa ya yi ƙuruciya. Ni kaina na manta."

Da muka isa gonar, mashina sun riga mu cika bakin hanya, don labari ya riga ya koma duk zaurukan da ya bi. Na hango shi zaune a kan buhu, ya naɗe hannun riga, tarin gyaɗa a gabansa, fuskarsa fes kamar wanda aka rage wa shekaru. Na durƙusa a gabansa ina kuka. Ya dube ni, kuma wallahi a wannan karon ya gane ni sarai.

"Ke kuma lafiya kike kuka? Zauna ki taya mu, ba ki ga hadari ba?"

Na ce, "Baba, gida za mu tafi, Inna tana jira."

Ya ce babu inda za shi ya bar gyaɗar Kawu ruwa ya doke ta. Muka yi lallashi, ya ƙi. Sai ƙanena ya juya ya dubi abokansa, suka fahimci juna, suka kafe mashinansu. Abin da na gani ranar ban taɓa ganin irinsa ba: 'yan acaba, da maigidana da kaftaninsa mai guga, da ni, da matan Gafasa da ban taɓa gani ba, duk muna kwasar gyaɗar mutumin da ba mu ma san sunansa ba, Baba yana tsaye yana nuna inda za a tara da yadda za a rufe. Mai gonar ya iso ya tarar an gama, ya tsaya baki buɗe. Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "To, mu mun tafi. A gaida gida."

Ayari guda muka yi zuwa Balan, Baba a tsakiya a bayan ƙanena, ana ta danna hon. Duk ƙauyen da muka ratsa sai ka ga mutane a bakin hanya suna ɗaga hannu, wasu da waya a kunne, suna cewa, "Shi ne! An gan shi!" Muna shiga gari yara da manya suka biyo mu har ƙofar gida. Inna ta fito zaure da maganinsa a hannu ɗaya da kofin ruwa a ɗayan. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ya mutanen Gafasa?" Ya ce suna gaishe ta. Yana haɗiye maganin, ruwan sama ya tsuge.

Baba ya ƙara shekaru masu albarka tare da mu kafin Allah ya karɓi abinsa, a kan gadonsa, a cikin iyalinsa. Matar nan ta Gafasa kuwa har yau muna zumunci, duk kaka sai ta aiko mini da gyaɗa.

Yanzu in na ji ana cewa mutane sun guje wa shafukan sada zumunta, ba na musu, don na gani da idona. Amma ba na baƙin ciki. Abin da ranar ta koya mini shi ne, yawan masu bin ka a waya daban, waɗanda za su tashi in sun ji muryarka tana rawa daban. Mutane ba su daina damuwa da juna ba, wurin zama suka canja, suka koma inda aka san su suka san mutane. In kana da buƙata, ka nemi jama'arka a inda suke zaune yau, ka yi musu magana da bakinka. In kuma hoton wani ya zo gabanka, don Allah ka tsaya ka karanta kafin ka rubuta komai, domin akwai wata uwa a wani ɗaki da kalmarka za ta iya kayarwa.