Huffin Malam Badaru

Duk ƙauyen nan na gefen Zakirai babu mai tsaftar Malam Badaru. Manomi ne, amma ko daga gona ya dawo sai ka rantse daga ɗaurin aure yake. Sahun gaba, daidai bayan liman, wurinsa ne tun yana saurayi.

Ciwon suga ya daɗe da kashe masa tafin ƙafa, ko ƙaya ya taka ba ya ji. Da kaka tushiyar kara ta soke shi, matarsa Huseina ce ma ta ga jini a takalmi. Ɗan rami ne, ya ce ba komai. Ramin ya ƙi rufewa, ya soma ruwa, ya soma wari.

Warin nan shi ya hana shi sakat. Mutum mai turare, a ce yana ɗoyi a masallaci? Sai ya je kasuwar Gezawa ya sayo huffi, safar fatar nan da ake shafa a kanta wajen alwala. Shi ke nan, ba mai sake ganin ƙafarsa. Har yabonsa ake, wai Malam ya riƙe sunna. Sunna ina! Gyambo yake dafawa cikin fata, ga zufa ga zafi.

Huseina ta yi magana har ta gaji. "Malam, a kai ƙafar nan asibiti."

Ya ce, "Yarinyar asibiti sa'ar 'yata ce za ta buɗe min wannan ƙazanta? Allah ya sauwaƙe."

Sai da zazzaɓi ya kayar da shi aka kwashe shi zuwa Kano. Da almakashi aka yanke huffin. Aka ɗebi ruwan ciwon aka auna, likita ya ce ƙwayoyin cuta ne iri-iri suka yi gida, sun ci har ƙashi, wasunsu ma ba sa jin maganin da aka saba bayarwa. Da an zo da wuri, da wanki da magani sun isa. Aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Liman ya zo dubiya. Kunya ta sa Malam Badaru ya juya fuska bango, ya ce, "Na ɓoye muku, Malam."

Liman ya zauna a bakin gadon.

"Ba ka ɓoye ba, Badaru. Tun kafin a gama sussuka muke jin warin, mu duka sahun. Nauyinka muka ji, aka rasa mai faɗa maka."