Hular Gado da Rumfar Mamuda

A shekarar 1969, cikin watan Maris, lokacin da ake tsakiyar cirar albasa, Gado ya fara haɗuwa da Tamu a kan bencin silima a Sakkwato. Gado ɗan ƙauyen Kashin Zama ne, shekararsa ashirin da biyu, ya rako motar albasa daga Aliero, motar kuwa ta lalace sai washegari. Tamu mutumin Jega ne, ƙaramin akawu a ofishin gona, mai biro biyu a aljihun gaba.

Kafin wannan rana Gado bai taɓa kallon komai ba sai majigin gwamnati, wanda ake nuna yadda ake zuba taki. Saboda haka da ya ga wani mutum ya laɓaɓo bayan jarumin fim da wuƙa a hannu, sai ya miƙe tsaye ya daka masa tsawa ya waiwayo. Na baya suka yi ta jifansa da ɓawon gyaɗa. Tamu, wanda ke zaune kusa da shi, ya jawo gefen rigarsa.

"Zamna, malam. Ba shi jin ka. Kuma ƙanenai na, ba shi kashe shi."

"Kai ina kas sani?"

"Ga shi an rubuta nan ƙasa, da Turanci."

Daga nan Tamu ya karkato da kai yana faɗa masa a hankali abin da ake ciki: wannan uwa ce da ta rasa 'ya'yanta a tashar jirgi, wancan ɗanta ne amma bai sani ba. Aka tashi Gado yana share ido da hannun riga, yana cewa hayaƙin sigari ne. Shekara goma sha ɗaya aka yi haka. Duk sanda motar albasa ta shiga Sakkwato, Gado sai ya nemi Akawu, kamar yadda ya riƙa kiransa, su tafi su zauna a benci na uku daga gaba, Tamu yana gefen dama saboda Gado ya fi ji da wannan kunnen. A 1980 aka mayar da Tamu aiki Aliero, aure da 'ya'ya suka yi wa kowannensu yawa, zuwa silima ya mutu, abota ta zauna.

Sana'ar Gado tantance albasa ce a kasuwar Aliero, kuma a nan babu mai yi masa gardama. Zai ɗauki ƙwaya ɗaya, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya gaya maka ko za ta jure zaman rudu, wato rumfar da ake ajiye ta, har damina. Kashi uku yake yi: ta ajiya, ta kasuwar gobe, da ta zubarwa. Matsalar ita ce bai tsaya a kan albasa ba. Surukansa biyu, ɗaya na ajiya ne, ɗaya na kasuwar gobe. Rediyoyi, takalman roba, 'yan siyasa, kowa yana da kashinsa. Finafinan da ya kalla a Sakkwato kuwa gaba ɗayansu na ajiya ne, kuma yana iya ba ka labarin kowanne tun daga fari, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba.

A 1992, shekara guda bayan an yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, wani mai suna Mamuda ya kafa rumfar bidiyo a bayan kasuwa. Zana ce ya kewaye, ya lulluɓe da tsofaffin buhuna don duhu, ya sa talabijin a kan ganga, janareta na kuka a waje. Kaset kuwa daga Jega yake ɗauko su a babur. Ana farawa bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Ranar buɗewa Gado ya zo da ƙubensa mai ruwan ƙasa, hular da matarsa Mairo ta saya masa, wadda ba ya sawa sai Juma'a da ɗaurin aure. Ya zauna kusa da Tamu kamar dā.

Ba a yi mako uku ba ya fara tantancewa.

Na duke-duke da harbe-harbe, in ji shi, mutum ɗaya ne da bindiga ɗaya yake kashe mutum ɗari biyu, bai tambayi ɗan gidan wane ne ko ɗaya ba, bai ci abinci ba, bai gaida kowa ba. Na ban dariya kuwa mutum ne yake faɗawa ruwa, ya fito, ya sake faɗawa. Gado ya ƙirga sau bakwai a kaset ɗaya, kuma bai ga abin da ya kai shi bakin ruwan ba tun farko. Waɗanda ake ɓoye mai kisa sai ƙarshe su ne suka fi ba shi haushi, domin tun a minti goma na farko yakan nuna mutumin da yatsa, da ƙarfi, kuma sau da yawa yakan dace. Samarin da suka zo jin tsoro ba su gode masa ba.

"Wanga ba shi kai damina," haka yake cewa in an tashi. "Gobe da sahe ka tambayi wanda ya kalla, ba shi tuna ko sunan uwar jarumin. Don ba shi da uwa. Daga cikin mota aka haihe shi."

"Baba Gado, zamani na," in ji Mamuda.

"Albasa ma ga zamani take ruɓewa."

Abin ya ƙare ne ranar da aka nuna wani fim inda bene mai hawa goma ya tashi da wuta, jarumin ya fito daga ciki gashinsa a kwance kamar yanzu aka taje. Gado ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya fita. A ƙofa akwai itacen dogonyaro inda Sanusi mai dakon buhuna yake ɗaure jakinsa. Gado ya tsaya nan, a gaban 'yan kasuwa fiye da ashirin, ya ce in an sake ganin ƙafarsa a rumfar Mamuda, a tuɓe masa wannan hula a aza wa jakin Sanusi. Bai rantse da Allah ba, domin mutum ne mai lura da bakinsa a wannan fannin. Amma kasuwa ta ji, kuma kasuwar Aliero ba ta mantuwa.

Shekara biyu ya riƙe maganarsa. In hanya ta biyo da shi ta wurin, sai ya tsallaka ɗaya gefen titi. Sai dai kowace safiya yakan tare masu ɗinkin buhu ya tambaye su abin da aka nuna jiya, ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya jefa shi kashin zubarwa. An ce babu wanda ya san finafinan Mamuda kamar mutumin da ba ya shiga.

Tamu bai daina zuwa ba. Ya riga ya yi ritaya, 'ya'yansa sun watse wuraren aiki, rumfar ce wurin zamansa na yamma. Amma tun kafin nan yanar ido ta fara rufe masa gani, kuma zuwa bazarar 1994 talabijin ɗin ta zame masa wani haske kawai mai motsi. Mairo ce ta kawo wa Gado labarin, daga bakin matar Tamu: Akawu ya kwana goma bai fita ba, yana zaune a zaure tun azahar har magariba.

Gado ya same shi a kan tabarma, biro biyun nan suna aljihu kamar kullum.

"Akawu, an ce ka tuba."

"Na bari dai, Sarkin Albasa. Sabbin ga ba su magana. Ƙara ɗai ta. In na ji an yi ihu in tambayi na kusa da ni mi ya faru, shi ce, an harbe shi, Baba. In ce wa? Shi ce wani."

"Ai na hwaɗa maka ruɓaɓɓu na."

"Ruɓaɓɓu na," Tamu ya ce. "Amma can ɗai nika zama cikin mutane."

Bai roƙi komai ba. Ya juya zancen zuwa farashin taki, Gado ya biye masa, suka rabu.

Kwana uku Gado yana ɗauko ƙuben daga ƙusa, ya juya shi, ya mayar. Akwai abin da mutanen kasuwa ba su sani ba: tun wajen 1975 gashin tsakiyar kansa ya tafi, kuma ban da Mairo da wanzami babu wanda ya taɓa ganin wurin. Mutumin da ya shekara ashirin yana raba wa jama'a kashi, yanzu zai tsaya a gabansu kai ba hula, jaki kuma da hula. Ya san sunan da za su sa masa ba zai fita ba har jikoki.

"Malam," in ji Mairo a rana ta uku, tana tankaɗe ba ta ko dube shi ba, "in tsoron jakin kaka yi, ni in kai mai. Ni na saye ta, na san girman kanta."

Ranar Talata bayan la'asar aka ga Gado ya ratso tsakiyar kasuwa riƙe da hannun Tamu. Masu ɗinkin buhu suka ajiye basilla. Da suka iso gindin dogonyaro, Gado bai jira kowa ba. Ya tuɓe hular da kansa, ya aza ta tsakanin kunnuwan jakin, ya gyara mata zama yadda ya kamata, har ya ɗan karkata ta gefe. Rana ta haska sanƙon. Dariya ta taso tun daga rumfar mahauta har bakin titi. Mamuda ya fito da gudu zai cire hular.

"Bar ta nan," in ji Gado. "Magana ta. Ka ba mu benci na uku."

Ya zaunar da Tamu, shi kuma ya zauna a gefensa na dama. Fim ɗin ranar na harbe-harbe ne, irin wanda Gado ba ya ko dannawa kafin ya zubar. Ya karkato da kai ya fara. Minti biyar na farko ya faɗi abin da yake gani: mota ta zo, an fito, an yi harbi. Sai ya lura fuskar Tamu ba ta motsa ba. Ya yi gyaran murya. Jarumin nan, ya ce, yana da tsohuwa a ƙauye, ita ta sayar da akuyoyinta ta sa shi makaranta. Mai baƙin tabarau ɗin da ke binsa kuwa ɗan wan ubansa ne, rigimar gona ce ta gado ta raba su. Shi ya sa duk harbin da yake yi ba ya samunsa: hannunsa ne ba ya yarda. Tamu ya gyara zama. Can sai samarin benci na biyu suka daina hira, ɗaya ma ya juyo ya tambaya ko tsohuwar za ta rayu.

"Ka yi haƙuri ka gani," in ji Gado.

Da aka tashi suka kama hanyar gida a hankali. Jakin ya riga ya zubar da hular ya tauna gefenta, Gado bai ko waiwaya ba. Sai da suka wuce masallaci Tamu ya yi magana.

"Gado, tsohuwar ga. Tana ciki kuwa?"

Gado ya yi tafiya taku huɗu ko biyar. "Ba a nuna ta sosai ba."

Tamu ya yi dariya har sai da ya tsaya ya dafa bango. "To bari in hwaɗa maka. Rubutun nan na ƙasan fim a Sakkwato gudu shika yi, ni kuma Turancina na takardun taki na. Kahin in karanta rabi ya wuce. Rabin uwayen nan da ƙannen da ka yi ta kuka dominsu, ni na zuba su."

Gado ya tsaya cik a tsakiyar hanya, kai ba hula. Shekara ashirin da biyar yana ajiye da waɗannan finafinai a kashin farko, bai taɓa danna wuyan ko ɗaya ba.

"Har ƙanen nan mai wuƙa?"

"Wannan kam gaskiya na." Tamu ya sosa ƙeya. "Ina jin haka dai."

An fara kiran magariba. Gado ya sake kama hannunsa, ya kauce da shi daga wani rami.

"Gobe na ban dariya Mamuda ka sawa," ya ce. "Mutumin nan mai hwaɗawa ruwa. Sai in nemo mai dalili kahin la'asar."

Washegari ya zo da wata tsohuwar hula fara ta zuwa gona. Haka jibi, haka gata. Har Allah ya karɓi ran Tamu a damanar 1997, benci na uku nasu ne, kuma Gado bai daina cewa finafinan na zubarwa ne ba. Yakan faɗa a ƙofa, da ƙarfi, kafin ya shiga. Bai taɓa ambaton benci na Sakkwato ba, Tamu kuma bai taɓa ce masa ya gode ba. Yakan dai matsa kaɗan in sun zauna, ya karkato masa kunne.